Yadda Na Koyi Ɗaukar Hoton Mota Tana Gudu a Jos

Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da walimar saukar karatu a Jos, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da nake ɗauka ko dai yana tsaye ne, ko kuma ana iya ce masa ya tsaya. Amarya takan tsaya, ango yakan gyara zaman hularsa, yara ma idan aka tsawata musu sukan natsu na ɗan lokaci. Saboda haka ranar da wani Alhaji mai sayar da motoci a kan hanyar Zariya, wanda na taɓa ɗaukar hoton auren 'yarsa, ya kira ni ya nuna mini wani hoto a wayarsa, ya ce irinsa yake so a yi wa motoci uku da ya shigo da su domin talla, ban ɗauki abin da wani nauyi ba. A cikin hoton motar ta fito tas har ana iya karanta rubutun jikinta, amma tayoyinta sun zama kamar faifai mai juyawa, itatuwan da ke bayanta kuma sun miƙe sun zama layi-layi kamar an ja tsintsiya a kan ɗanyen fenti. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ai aikin yini ɗaya ne." Muka yi ciniki, ya ba ni kafin alƙalami, ya ce ya ba ni mako uku. Kwana 19 aikin ya ci, kuma fiye da rabinsu sun tafi ne wajen gyara kurakuran da da na samu mai gaya mini tun farko da ban yi su ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Washegari da safe na ɗauki kyamarata, Canon 700D da na saya ta hannu, na ɗaura mata lensin 55-250, na tsaya a gefen hanyar Bauchi ina gwaji da motocin da ke wucewa. Tunanina shi ne abu mai sauri sai shota mai sauri, wato labulen da ke buɗewa ya rufe domin haske ya shiga kyamara, don haka na kai ta 1/2000 na daƙiƙa. Hotunan sun fito garau, amma kowace mota kamar an ajiye ta ne a tsakiyar titi direban ya tafi masallaci, har ana iya ƙirga ramukan da ke jikin wilin taya. Daga baya da na zauna da biro na gane dalili. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wanda ke nufin a cikin 1/2000 na daƙiƙa ko santimita ɗaya ba ta yi ba, don haka babu wani motsi da zai shiga hoton. Sai na koma ɗaya ƙarshen, na sauke shota zuwa 1/15 na ƙanƙame kyamara ban motsa ba. A nan kuma shagunan da ke tsallaken titi suka fito tas, motar ta zama wata inuwa doguwa da ba a gane gabanta da bayanta. Na samu kishiyar abin da Alhaji ya nuna mini daidai wa daida, amma a lokacin ban fahimci cewa wannan kishiyar ita ce amsar ba, wato in mota ce ake so ta tsaya a hoto, dole kyamara ta tafi tare da ita.

A rana ta biyu, ina tsaye a wurin nan dai, wani jami'in tsaro ya tsallako ya ce in biyo shi. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin sai a lokacin na lura cewa a can nesa, ta inda bakin lensina yake kallo, akwai shingen bincike. An zaunar da ni a kan benci kusan minti 40, aka karɓi katin shaidar ɗan ƙasa da katin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto aka duba, aka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ce in goge duk wanda shingen ya fito a cikinsa. Ba a ci mutuncina ba, kuma ko kwabo ba a nema a hannuna ba. Da na huce na ga cewa gaskiya tana wurinsu, domin a garin da ya ga abin da Jos ta gani, mutumin da ya tsaya a bakin titi da dogon lensi yana bin motocin jama'a dole a tambaye shi ko wane ne. Babbansu ya ce mini idan aiki ne na gaskiya in nemi wuri mara cunkoso, in kuma sanar da masu wurin kafin in fara.

Kuskure na gaba shi ne wanda ya fi ci mini kuɗi. Na kalli wasu bidiyoyi a YouTube, na ji sunan abin da ake kira fanin, wato juya kyamara tana bin abin da ke motsi, na gwada sau da yawa a unguwarmu, kowane hoto ya fito da rawa. Sai na yanke hukunci cewa hannuna ne ba ya tsayawa, kuma maganinsa tirayifod, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Na je wani shago a cikin gari na sayi guda a kan naira 38,000, dogo mai kyan gani, mai kan roba da hannun juyawa. A shago ya yi ta juyawa lafiya saboda babu nauyi a kansa. Da na ɗora kyamara da lensi sai kan ya riƙa cijewa, in na ƙara ƙarfi kuma ya zabura gaba ɗaya, ta yadda kafin in daidaita motar ta riga ta fita daga hoton. In na sassauta kusar sai kyamara ta riƙa lilo, in na ɗaure sai ta ƙi motsi, babu tsaka-tsaki. Na mayar washegari, mai shago ya nuna mini rubutun da ke jikin rasit cewa ba a dawo da kaya, ya ce kuma lafiyar abin ƙalau. Gaskiya ya faɗa, domin an yi shi ne don hoton abin da ke tsaye. Ni ne na sayi abin da ban san aikinsa ba.

A rana ta shida na ajiye girman kai na tafi wurin dattijon da ya koya mini sana'a, wanda dukanmu muke kira Baba. Ya daina fita aiki saboda idanunsa, amma a zamanin fim, lokacin da hoto 36 ne kawai a cikin nadi ɗaya kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, ya yi shekaru yana ɗaukar dawaki a filin folo na Jos. Ya saurare ni har na gama, ya kalli tirayifod ɗin ya yi murmushi, sannan ya ce in ajiye kyamarar ma a kan tabarma mu fita ƙofar gida. Ya ce, "Ɗana, kai jiran mota kake yi ta zo ta same ka ka harbe ta. Rakiya za ka yi mata. Ka taɓa ganin wanda ya raka baƙo ya tsaya cak a bakin ƙofa?" Ya sa na buɗe ƙafafuna daidai faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa suna kallon wurin da nake so in ɗauki hoton, ba wurin da motar za ta ɓullo ba. Daga nan sai in murɗa ƙugu in juya zuwa inda take tahowa, ƙafa ba ta motsa ba, ta yadda yayin da nake bin ta jikina warwarewa yake yi yana komawa daidai, kuma a lokacin da zan danna babu wata jijiya da ke ɗaure. Gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari, hannun hagu ya tallafi lensi daga ƙasa, kyamara ta jingina da goshi. Hannu da wuya ba su da aikin komai, ƙugu ne kaɗai ke juyawa. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada in tsaya bayan na danna, in ci gaba da juyawa har motar ta wuce, domin wanda ya san zai tsaya yakan fara rage gudu tun kafin ya danna ba tare da ya sani ba, kuma a nan hoton yake lalacewa. Mun yi kusan awa ɗaya ina bin masu keke da 'yan Keke Napep da hannu wayam, yara suna mana dariya, kafin ya yarda na ɗauko kyamara.

Sai da jiki ya fara gane hanya sannan muka taɓa saiti. Na sa kyamara a kan Tv, inda ni ke zaɓar saurin shota ita kuma ta zaɓi faɗin ƙofar haske, na sauke ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 100, na mayar da fokas kan AI Servo domin ya riƙa bin abin da ke matsowa, wanda a kyamarorin Nikon ake kira AF-C. Na zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya na tsakiya, na kuma kunna ɗauka a jere, wadda a wannan kyamara take ba da hoto biyar a daƙiƙa. Baba ya ce kada in kalli motar gaba ɗayanta, in zaɓi abu ɗaya ƙarami a jikinta, kamar madubin gefe ko hannun ƙofar direba, in ɗora ɗigon a kansa in hana shi zamewa. Wannan shawara ita kaɗai ta ninka yawan hotunan da ke fitowa. Game da saurin shota, akwai ƙiyasin da masu wannan aiki suke farawa da shi, cewa lambar shota ta yi kusa da gudun motar, wato mai tafiyar kilomita 60 a awa a gwada ta da 1/60, mai 120 kuma da 1/125. Ƙiyasi ne kawai na farawa. Ni da 1/125 na fara, na kwana biyu a kai, sannan na sauko 1/80, sannan 1/60. A 1/60 motar da ke tafiyar kilomita 50 tana cin kusan santimita 23 kafin shota ta rufe, kuma wannan ya isa ya ja bayan hoton ya kuma juya tayoyi. A 1/30 zanen layi-layin bayan motar ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma a cikin hoto 20 da ƙyar nake samun ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da na gano da kaina a kwanakin nan, waɗanda suka ba ni wahala kafin in gane su. Na farko shi ne tazara. Da ina tsayawa dab da kwalta, ina ganin kusanci shi ne zai ba ni hoto mai kyau, alhali a tazarar mita 5 motar tana gilmawa ne kamar walƙiya, ƙugu ba zai iya bin ta ba. Da na ja baya zuwa kamar mita 20 na jawo ta da lensi, sai juyawar ta zama a hankali har ina iya numfashi a tsakani. Na biyu shi ne, sau da yawa ƙofar direba takan fito tas amma gaban motar da bayanta su yi dishi-dishi, na yi ta zargin lensi. Ashe ba laifinsa ba ne. Idan mota tana tahowa a karkace, gabanta da bayanta ba tazara ɗaya suke da ita daga kyamara ba, don haka ba gudu ɗaya suke yi a cikin hoton ba, kuma ba za a iya bin su duka a lokaci guda ba. Lokacin da ta zo daidai gabanka, gefenta yana fuskantarka sosai, shi ne lokacin da dukan jikinta ya fi fitowa, kuma nisa yana rage wannan matsala.

Daga nan sai matsalar haske ta taso. Da hantsi ya yi, rana takan yi ƙarfin da ko a ISO 100 sai kyamara ta matse ƙofar haske zuwa f/22 ko fiye kafin ta yarda da 1/60, kuma a irin wannan matsewa duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, takan fito ɓaro-ɓaro a sararin sama kamar ƙudaje. Lokacin hunturu ne, ni kuma ina yawan canza lensi a waje, don haka ƙurar ba kaɗan ba ce. Maganin shi ne filta mai rage haske da ake kira ND. Na zagaya shaguna huɗu ban samu ba, sai wani abokin sana'a a Abuja ya saya mini ND8, wadda ke rage haske zuwa kashi ɗaya cikin takwas, wato mataki uku, ta yadda hasken da ke buƙatar 1/250 zai koma 1/30. Ya ba direban mota a tasha, na je na karɓa, na dawo gida da murna, sai ta ƙi ɗauruwa. Mai faɗin milimita 52 ya aiko, lensina kuma 58 ne, kuma lambar tana nan a rubuce a bakin lensin, ni ne ban duba na gaya masa ba. Kafin a mayar a canzo an ƙara kwana huɗu, kuɗin filta da na aike sau uku suka tasam ma naira 25,000. A cikin kwanakin jiran na kai kyamara aka share sensa.

Tun da ina jira, sai na yi amfani da lokacin na gwada sauran abubuwan ɗora kyamara, domin zuciyata ba ta daina raya mini cewa akwai wani ƙarfe da zai sauƙaƙa aikin ba. Jos gari ne na 'yan fim, a nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta suke, don haka samun aron kaya ba wuya. Wani abokina mai ɗaukar bidiyo ya ara mini tirayifod mai kan da ke da ruwan mai a ciki, da kuma sanda mai ƙafa ɗaya da ake kira monofod. Kan mai ruwan mai yana juyawa sumul, babu cijewa ko kaɗan, kuma a shimfiɗaɗɗen titi, idan aka daidaita ƙafafun har kumfar awo ta zauna a tsakiya, yana ba da zane madaidaici fiye da abin da hannuna ke iyawa. Sai dai titunan Jos hawa da gangara ne. Motar da ke gangarowa ba a miƙe take ratsa hoton ba, tana sauka ne a hankali, don haka in an kulle kan ta fuskar sama da ƙasa sai ta zame daga ɗigon fokas, in an buɗe kuma sai ka koma kokawa da hannu ɗaya ta fuska biyu. Ban da haka, a tirayifod kyamara ce ke tsakiya kai kana zagaya ta, dole ka riƙa taku kana kauce wa ƙafafunsa, alhali a hannu kai ne tsakiya. Monofod kuwa amfaninsa ɗaukar nauyi ne. Ga mai babban lensi irin 70-200 ko wanda ya fi shi, wanda zai yini a tsaye, babu shakka zai huta da shi, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan lensuna na Canon suna da makunnin rage rawa mai lamba 2 da aka yi musamman don wannan aiki, yana gyara rawar sama da ƙasa ya ƙyale juyawar gefe. Amma lensina ko rabin kilo bai kai ba, kuma da na juya da faɗi sai sandar ta riƙa karkatar da hoton. Na mayar masa da kayansa na yi godiya, na koma hannu.

Saura wuri da izini. Na zaɓi wani yanki a hanyar Lamingo inda motoci ba su da yawa da safe, kuma akwai duwatsu da itatuwa kusa da titin. Wannan zaɓi yana da muhimmanci, domin idan sararin sama ne kawai a bayan motar babu abin da zai ja ya nuna gudu, balle a hunturu da hazo ke mayar da sama fara fat. Na roƙi Alhaji ya rubuta mini takarda a kan takardar kamfaninsa, mai ɗauke da sunana da lambobin motocin uku da ranar aiki da lokacinsa, na yi kwafi uku, na haɗa da kwafin katin shaidata. Na fara kai wa mai unguwar wurin, wanda ya karɓe ni da mutunci ya haɗa ni da wani matashi da zai tsaya tare da mu. Daga nan na je ofishin 'yan sanda na yankin, na tarar babban jami'in ya fita aiki, na jira kusan awa biyu, aka ce in dawo da safe. Da na dawo bai ɗauki minti goma ba ya karanta, ya ajiye kwafi ɗaya, ya ja mini kunne cewa kada mu tare hanya kuma kada a yi gudun ganganci. Na tabbatar masa cewa ba za mu wuce kilomita 50 a awa ba, wanda shi ne iyakar gudun ƙananan motoci a cikin gari. Ban biya komai ba a wuraren biyu, in ban da goron da na kai wa mai unguwa don kaina.

Ranar aiki mun isa da ƙarfe 7 na safe, sanyi yana ratsa ƙashi har yatsuna suna ƙin lanƙwasuwa, sai da na sha shayi na jira rana ta ɗan ɗaga. Na tsaya rana tana bayana, na sa dutse a gefen titi ya zama alamar inda zan fara dannawa. Ƙanen Alhaji ne ke tuƙi, kuma a zagayen farko ya taho a guje yana ganin taimakona yake yi. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka riƙe ta a 40, kada ka ƙara kada ka rage, gudun ni zan sa mata shi." Bai yarda ba sai da na nuna masa a allon kyamara yadda 40 a kan 1/40 ta fito kamar mai tsere. Muka bar waya a buɗe tsakaninmu ina gaya masa lokacin da hanya ta yi sarari. Farar motar da ja ba su ba ni wahala ba, amma baƙar ta sa kyamara ta riƙa ƙara haske har duwatsun suna fitowa fari fat a hoton, sai da na koma saitin hannu na kulle komai. Kafin ƙarfe 10 na ɗauki hoto 640. Da na zauna a kwamfuta na buɗe kowanne har ƙarshen girmansa, 31 ne suka tsira, na kai wa Alhaji 9. Na faɗi waɗannan lambobi ne don kada wanda ya fara ya ga yawan na zubarwa ya zaci shi ne bai iya ba, kuma don kada ya yarda da ƙaramin allon kyamara, wanda ya sha nuna mini hoto tas alhali a kwamfuta rubutun jikin motar ya rabu biyu.

Da zan sake daga farko, da wurin Baba zan fara zuwa, in yi mako guda ina raka masu keke a ƙofar gida da 1/125 ba tare da na kashe ko naira ɗaya ba. Bayan haka sai in duba lambar bakin lensina in sayi filta, domin a cikin duk abin da na saya ita kaɗai ce aikin ba zai yiwu da rana ba sai da ita. Takardar izini kuma zan neme ta tun kafin ranar gwajin farko, ba ranar aiki kaɗai ba, kuma ba zan sake nuna lensi ta fuskar shingen bincike ko wani ginin gwamnati ba ko da a nesa yake. Abin ɗora kyamara shi ne na ƙarshe, kuma a ra'ayina mai ƙaramin lensi ba ya buƙatarsa, wanda kuma ya ga dole sai ya saya, to ya je shago da kyamararsa da lensinsa ya ɗora ya juya kafin ya biya. Hotunan gwaji da motocin mutane suka fito da lambobinsu ban sa ko ɗaya a intanet ba, na goge su.

Alhaji ya sa an buga hoton jar motar a babban allo a ƙofar wurin sana'arsa, ya cika mini kuɗina, amma da na cire na tirayifod da filta da man zirga-zirga abin da ya rage bai kai na bikin Asabar ɗaya ba. Na kai wa Baba kwafi ɗaya, ya matso da shi kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce madubin gefe ya fito, amma ga alama na ɗan ɗaga kafaɗar dama wajen dannawa, in koma in gyara. Tirayifod ɗin nan na naira 38,000 yana shagona har yanzu, fitila nake ɗaurawa a kansa idan ana hoton fasfo.